Jakar tanki da yinin da ta cinye mini

Kafaɗata ce ta sa na sayi jakar tanki, wato jakar da ake ɗorawa a kan tankin man babur. Shekara biyu ina goya jaka a baya duk inda za ni a kan babur, ciki da rigar ruwa da gorar ruwan sha da cajar waya da 'yan kayan gyara. Idan na yi tafiyar awa biyu na sauka, sai in ji wuyana ya riƙe kamar wanda ya yi matashi da dutse. Ga gumi a gadon baya, ga wahalar tsayawa a sauke jaka a zuge zif don kawai a ɗauko takarda guda. Yayana, wanda ya riga ni hawa babur da shekaru masu yawa, ya daɗe yana cewa bai ga dalilin da mutum zai ɗora wa ƙashin bayansa kayan da ƙarfe zai iya ɗauka ba. Ranar da na kawo jakar na ɗauka aikin minti biyar ne, a ɗora a hau a tafi. Da hantsi na fara, sai da rana ta yi gora na gama.

Jakar mai cin lita 12 ce. A ƙasanta akwai fukafukai huɗu, biyu dama biyu hagu, kowanne da maganaɗisu a cikin ɗan aljihu. Cikin kwalin kuma akwai ƙunshin maɗaurai baƙaƙe guda uku, da rigar ruwanta, da 'yar takarda mai zane-zane. Maɗauran na ture su gefe, takardar ko kallon arziki ban yi mata ba. Ni dai maganaɗisun na saya.

Na ɗora ta a kan tanki, na baza fukafukan, na jira in ji sun cafke. Shiru. Fukafukan suna reto kamar kunnen akuya. Na danna da tafin hannu, na saki, suka sake ɗagowa. Da farko na zargi jakar, har na fara tunanin mayar da ita. Sai na kara mabuɗi kusa da fiffike ɗaya, ya fizge shi daga hannuna da ƙarfin da sai da na sa yatsu biyu na ɓamɓare. Ashe jaka lafiyarta ƙalau. Na ƙwanƙwasa tsakiyar tankin da bayan yatsa, na ji ƙarar ƙarfe. Na ƙwanƙwasa gefe, na ji wata dusasshiyar ƙara. Na zaro maganaɗisu ɗaya daga aljihunsa, na naɗe shi a tsumma, na yi ta yawo da shi a jikin tankin. A tsakiya, faɗin da bai wuce tafin hannu da rabi ba, yana kamawa. Daga nan zuwa ƙasa babu komai. Abin da na shekara biyu ina gogewa ina kira tanki, rabinsa marfin roba ne da aka yi wa fenti iri ɗaya da ƙarfen. Ainihin tankin yana ɓoye a ciki, kuma daidai inda fukafukan jakar ke sauka nan robar take.

Wannan gwajin na tsumma da maganaɗisu shi ya kamata in yi tun kafin in sayi komai. Babura da yawa na yanzu haka suke: wani tankinsa roba ne gaba ɗaya, musamman na shiga daji, wani alminiyam, wani ƙarfe ne amma an lulluɓe shi. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, ba ya kama roba. Irin wanda ake sakawa a yawancin jakunkunan nan, na niyodimiyam, shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗanda ake sayarwa. A farkon shekarun 1980 aka samar da shi, Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan da masu bincike na General Motors a Amurka, kowa a ɓangarensa. To amma duk ƙarfinsa, tazara ce ajalinsa. Ƙarfin jansa yana faɗuwa da sauri da zarar an raba shi da ƙarfe, don haka roba mai kaurin 'yan milimita da iskar da ke bayanta sun isa su mayar da shi abin wasa. Akwai kuma abin da na lura da shi da hannuna: maganaɗisun da ya gagare ka ɓamɓarewa kai tsaye, idan ka tura shi gefe sai ya zame a sauƙaƙe. Birki da kwana kuwa gefe suke tura kaya. Shi ya sa ko jakar da ta kama ƙarfe da kyau ake haɗa ta da maɗaurin ko-ta-kwana a gaba.

Ina tsugune ina warware maɗauran da na wulaƙanta ɗazu, sai ga Yaya. Ya dubi jakar da na ajiye a ƙasa, ya dubi ni.

"A nan ka ajiye ta?"

"Eh, Yaya, yanzun nan."

"Juyo da ita mu gani."

Na juyo da ita. A jikin fukafukan, baƙin gari ya yi layi-layi kamar gashin gira, ga wani ɗan guntun waya da bai kai tsawon farce ba a manne. Wurin da nake aiki nan nake gyare-gyarena, ƙasar cike take da garin ƙarfen da ido ba ya gani, maganaɗisu kuwa ya tsince shi tas. Gabana ya faɗi, don na tuna ɗazu bayan na ajiye ta a ƙasa na sake ɗora ta sau ɗaya, har na ja ta baya don in gyara mata zama. Na duba tankin ta gefen haske. Ga shi nan, siririn zane mai tsawon yatsa a bayan murfin mai. Tun ban hau ba.

Yaya bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi jakar maganaɗisu ɗaga ta ake yi, ba a ja, kuma ba ta taɓa ƙasa. Tunda dai ba za su yi mini aiki ba, muka zare dukkan huɗun muka ajiye. Ban yi baƙin cikin rabuwa da su ba, don a jakar nan nake son sa walat, kuma maganaɗisu mai ƙarfi yana iya goge baƙin layin da ke bayan katin banki, yana rikita agogon hannu irin wanda ake murzawa ya yi aiki, yana karkatar da allurar kamfas. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, likitoci suna gargaɗinsa da kusantar irin wannan maganaɗisun da ƙirjinsa, mahayin babur kuma ƙirjinsa a saman jakar yake yini.

Muka wanke tankin da ruwa da sabulu, muka tsane da tsumma mai laushi. Ina da ragowar ledar kare fenti, marar launi mai manne a gefe ɗaya, wadda na taɓa sa wa inda gwiwa ke guga. Na yanka daidai inda gindin jakar zai zauna, na fesa ruwan sabulu kaɗan a ƙarƙashinta don ta zame in daidaita, sannan na bi da gefen tsohon kati ina korar ruwa da kumfa daga tsakiya zuwa baki. Na ƙara wasu 'yan yanka a duk inda maɗauri zai kwanta a kan fenti. Maɗauri da kansa mai laushi ne, amma ƙura tana shiga tsakaninsa da fentin, jijjigar inji kuma ta mayar da su biyun sanfefa.

Sai maɗaurin gaba, wanda shi ne ya ci rabin yinin.

Dogon bel ne guda ɗaya mai maɓalli a kowane baki, irin maɓallin robar nan da ake turawa ya ce ƙas, a matse gefensa biyu ya fita. Wurinsa wuyan babur, wato bututun firam ɗin da ke gaban tanki, wanda sandar kan babur ke juyawa a cikinsa. Wannan bututun ba ya motsi. Duk abin da ke kewaye da shi kuwa yana motsi: ƙafafun gaba, farantan da ke riƙe da su, kan babur. Ƙa'idar farko ke nan, maɗauri ya rungumi abin da ke tsaye, kada ya taɓa abin da ke juyawa. Wannan na gane da kaina. Na zura hannu ta hagu, na tura bel ɗin ta ƙarƙashin wuyan, na kamo shi ta dama, na fito da bakunan biyu saman tanki. Na maƙala jaka, na ja na tamke. Ta zauna daram. Na miƙe ina kaɗe hannu.

Yaya yana zaune a kan bokiti yana kallona tun ɗazu, bai ce uffan ba. Sai yanzu ya ce, "Sa shi a firi, ka tayar."

Na tayar. Injin yana silo lafiya.

"Karya kan zuwa hagu, har ƙarshe."

Na karya. Babu abin da ya canza.

"To, dama."

Ina karyawa dama, tun kai bai kai ƙarshe ba, injin ya yi wani gurnani ya hau sama kamar an murɗa totur, alhali hannuna na dama a kan madubi yake. Na mayar da kan tsakiya, ƙara ta sauka. Na sake, ya sake. Jikina ya yi sanyi, don nan take na hango kaina ina juyawa a ƙuntataccen wuri da giya a ciki, na saki kuloci rabi, babur ya zabura da ni.

"Ka ɗaure wuya, ka haɗa da jijiya," in ji Yaya.

Abin da ya faru shi ne, a gefen wuyan nan wayoyi da yawa suke wucewa daga kan babur zuwa ciki: wayar totur, wayar kuloci, dunƙulen wayoyin lantarki, ga tiyon birkin gaba ba nisa. Masu ƙera babur sun bar wa kowacce lanƙwasa da sarari don ta bi kai idan ya juya. Ni kuwa na bi da bel ta samansu na matse su da firam. Wayar totur siririyar igiyar ƙarfe ce a cikin riga. Idan aka danne rigar ta kasa bin juyin kai, sai ta miƙe ta ja igiyar da ke ciki, injin kuma bai san bambanci tsakanin wannan jan da na hannun mahayi ba. Da wayar kuloci na danne, da kulocin ne zai riƙa canza inda yake kamawa. Da na lantarki ne, da babu abin da zan ji ranar, sai bayan watanni rigarsu ta cinye fitila ta fara ɗaukewa.

Na kwance. Wannan karon na ɗauko tocila da wata waya mai ɗan tauri na lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya. Na ɗaga wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na zura ƙugiyar tsakaninsu da firam, na jawo bel ɗin ta ƙarƙashinsu, yadda zai kwanta a kan tsuran ƙarfe, su kuma su yi ta kai-komonsu a samansa. Wurin matsattse ne, na kuje bayan hannu sau biyu. Da na gama, Yaya ya nuna mini wani abin da ban taɓa lura da shi ba a baburina: wasu 'yan ƙahoni biyu a ƙasan wuyan, waɗanda farantin ƙasa ke bugawa idan kai ya kai iyakarsa. Su ne ke hana kan babur dukan tanki. Bel ɗina ya sauka daf da na hagu. Da ya zame ya shiga tsakani, duk juyi sai an tauna shi kamar da almakashi, kuma kan ba zai kai ƙarshe ba. Na ɗaga shi sama da kamar faɗin yatsa biyu. Na tayar da inji, na karya hagu, na karya dama, sau biyar-biyar. Silo bai motsa ba. Na murɗa totur na saki a kowane ɓangare, ya koma da kansa da sauri. Na gwada kulle kan babur da mabuɗi, ya shiga.

Maɗauran baya sun fi sauƙi, ko da yake su ma suna da tarkonsu. Guda biyu ne gajeru, kowanne da zobe na yadi a baki ɗaya. Na cire sit. A ƙarƙashinsa, daidai inda tanki ya ƙare, bututun firam biyu suna tafiya baya, ɗaya dama ɗaya hagu. Ana zagaya bututun da maɗaurin, a zura bakin mai maɓalli ta cikin zoben, a ja ya zarge kansa. Babu ƙulli, kuma yadda aka ƙara ja haka yake ƙara kamawa. Na dama ya zauna nan take. Na hagu na fara kai shi can ƙasa inda na fi samun sarari, sai na ga idan an tamke zai bi ta kusa da kan inji. Yadin maɗauri, nailan ne ko foliyesta, yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 220 zuwa 260 ba, mai arha irin na folifurofilin ma tun wajen 165, kuma tun kafin ya narke yake yin rauni. Bakin salansa inda ya fito daga inji ya wuce wannan nesa. Na dawo da shi sama, na bi da shi ta bayan tiyon mai ba tare da ya danne shi ba, na kauce wa bakin akwatin iska da wayoyin batir. Akwai wani ɗan kunnen ƙarfe da marfin gefe ke ɗaure a jikinsa, yana nan a sarari kamar yana kirana. Ban kula shi ba. An yi shi ne don ya riƙe roba marar nauyi. Na mayar da sit, na danna har na ji ya kulle, na ɗaga shi da hannu don in tabbatar maɗauran ba su tokare makullin ba.

A nan na yi wata 'yar wauta da ba ta ɗauki lokaci ba: na zura bel ɗaya a maɓallinsa ta baibai. Ina ja yana tamkewa, ina saki yana sulalewa. Maɓallin yana da sanduna biyu, bel zai hau ta ƙarƙashin ta ciki, ya zagayo, ya sauka ta gaban mai haƙora, yadda jelar za ta kwanta a ƙarƙashin matsin. Na kwatanta da ɗan'uwansa na gyara.

Kafin tamkewar ƙarshe Yaya ya ce in zuba kayan da zan riƙa ɗauka. Jakar da aka ɗaure babu komai ciki siffarta daban ce da cikakkiya. Na sa kayan gyara a can ƙasa naɗe cikin tsumma, rigar ruwa a kansu, walat da tabarau a sama. Ya ciro sukudireba daga ciki ya miƙo mini.

"Wannan ƙarƙashin sit."

"Ai a naɗe take, Yaya."

"Idan ka daki abu, kai ne za ka taho gaba. Me ke tsakanin cikinka da tanki?"

Ban ƙara magana ba. Tun daga ranar babu abu mai tsini a jakar. Nauyi ma ban cika shi ba. Takardar da na raina, da na koma na karanta, ta faɗi iyakar abin da jakar za ta ɗauka, kuma akwai dalili bayan ƙarfin ɗinki. Litar fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka tanki mai lita 14 idan ya cika ya riga ya ɗora wa babur kilo 10 a can sama. Duk abin da aka ƙara a kansa, a tafiyar sannu ake jin sa, lokacin da babur ke son kwantawa.

Na hau, na sa hular kwano, don tsayin ido da hula daban ne da tsayin ido a tsaye a gefe. Agogon gudu ina ganinsa, amma fitilun da ke ƙasansa, na firi da na man inji, jakar ta rufe su. Na karya kai hagu har ƙarshe, sai hon ya tsage da ƙara har wani kare ya amsa daga nesa. Maɓallin hon yana hannun hagu, kuma ya nutse cikin kumatun jakar. Muka yi dariya, amma da na karya dama na ga abin da ba na dariya ba: maɓallin sitata yana shafar aljihun gefe, makashin inji ja yana sama da shi kaɗan. Hon a tsakiyar juyi kunya ce kawai. Inji ya mutu a tsakiyar juyi faɗuwa ce. Na sassauta gaba, na ja jakar baya da kamar santimita 4, ɗagawa ba ja ba, na kwashe abin da ke aljihunan gefe don su lafe. Yanzu akwai sararin yatsa biyu a kowane ɓangare, fitilu sun bayyana, mabuɗi yana juyawa ba tare da ya tokari jaka ba. Na miƙe tsaye a kan matakai kamar mai tsallake rami, cinyoyina ba su bugi komai ba. Jakar tana da zif na ƙara tsawo. Na zuge shi na sake gwadawa, na ga idan ta tashi tana rufe rabin agogo. Na rufe, na san wannan na ranar dole ne.

Tamkewa kuwa kaɗan-kaɗan ake yi ana zagayawa, gaba dama, baya hagu, gaba hagu, baya dama, don kada a janye ta gefe guda. Na daina ja lokacin da na kama jakar na girgiza, babur ɗin ya girgizu tare da ita. Jelolin da suka rage kowanne ya kai kamu guda. Na so in yanke, Yaya ya hana, ya ce a bari a yi mako a ga inda za su tsaya. Na ninke su na ɗaure da zoben roba da na yanko daga tsohon tif. Jelar da aka bari tana kaɗawa tana dukan fenti, ta gaba tana iya shiga tsakanin kai da firam. Bayan makon na yanke su, na cire su daga babur ɗin gaba ɗaya, na tafi nesa da tanki na ƙona bakunan da laita don kada su warware.

Abu na ƙarshe da Yaya ya duba murfin mai ne. Ya ce tanki numfashi yake yi: mai yana sauka, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Wani babur ta 'yar ƙofa a murfi yake shaƙa, wani ta tiyo a ƙasan tanki, na daji kuma sau da yawa tiyon a tsakiyar murfin yake fitowa. Ya taɓa ɗora jaka mai gindin roba ta lulluɓe murfi, bayan 'yar tafiya inji ya fara shaƙewa kamar mai ya ƙare, alhali tanki rabi. Ya kwance fulogi, ya zargi kafireto, sai da ya buɗe murfin ya ji iska ta ce fuu ta shiga, ya tayar ya tashi. Nawa muka leƙa muka ga tiyo biyu suna sauka daga ƙasan tankin, muka bar maganar.

Gwajin hanya na fara shi a fili, ina zagaye kamar mai zana lamba takwas a giya ɗaya, kai har ƙarshe kowane ɓangare. Na taka birki da ƙarfi sau uku, jakar ba ta zo gaba ba. Na bi gargada da gangan. Sannan na hau babban titi. Ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: wanda ya tashi daga kilomita 50 a awa zuwa 100, iskar da ke dukan kayansa ta ninka huɗu. A nan na ga bakin jakar na gaba yana ɗan ɗagawa yana sauka. Na tsaya bayan kamar kilomita 10, na taɓa maɗauran, duka huɗun bakunan sun yi sako-sako. Sabon bel yana miƙewa, zargen da ke firam yana gyara zama, kayan ciki suna lafawa. Na ƙara ja. A tsayawa ta biyu ɗaya kawai ya nemi ƙari. Ranar da ruwan sama ya fara dukana da ita sai da na sake, don nailan idan ya jiƙe yana saki. Rigar ruwanta kuma idan ba a tsuke igiyar bakinta ba, iska tana shiga ta kumbura ta kamar balan-balan.

A gidan mai ne jakar maɗauri ke nuna halinta. Sai an ɓalle maɓallan gaba biyu, a kwantar da ita baya a kan sit, a sha mai, a goge abin da ya ɗiga, a mayar. Sau ɗaya na yi sauri na maƙala guda na manta ɗayan, kwanar farko ta zame ta kwanta a kan cinyata ta hagu. Yanzu ƙirgawa nake yi, sai na ji ƙas biyu. Wannan wahalar ce ta sa wasu suka fi son iri na uku, mai zobe, irin Tanklock na kamfanin Givi na Italiya ko na SW-Motech na Jamus. Ana cire wasu daga cikin notunan da ke kewaye da murfin mai da alanki, ɗan ƙarfen kwance noti mai kusurwa shida, a ɗaura zoben da wasu masu ɗan tsawo, jakar kuma ta hau zoben ta kulle, ba ta taɓa fenti, ana cire ta da jan hannu ɗaya. Kowane babur da zobensa, kuma murfi a rufe ake aikin don kada noti ya faɗa tanki. A ganina wanda ke shan mai kullum ya fi dacewa da wannan. Nawa murfin ba shi da notunan a waje, don haka ban ma shiga ruɗani ba.

Aljihun sama mai leda garai-garai, wanda aka yi don taswira, na sa waya a ciki sau ɗaya da rana tsaka. Kafin rabin awa ta rubuta mini cewa ta yi zafi ta rage haske. Yanzu takardar da na rubuta sunayen mararraba nake sakawa.

Duk ƙarshen mako ina ɗaga jakar in goge gindinta da saman tankin, in bi maɗauran da yatsa. A wata na huɗu yatsana ya ji gashi-gashi a bel ɗin gaba, can ƙarƙashin wuya inda ido ba ya kaiwa. Na haska tocila, na ga ashe yana kwance a kan tabon walda, ya ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa. Na sayi wani, na yanko tif mai tsawon yatsa na zura shi ciki kamar hannun riga, na daidaita robar a kan waldar, na sake bi da shi ta ƙarƙashin wayoyin da ƙugiyata. Sannan na sa a firi, na tayar, na karya kai dama.